Kwale-kwalen Galma: kundin aiki da littattafan da nake bi

16 ga Nuwamba, 2024

Na karɓi aikin haɗa wa kawuna kwale-kwalen katako. Yana noman fadama a tsallaken Galma, ta wajen Dakace, kuma idan kogi ya kawo da damina sai ya yi dogon zagaye kafin ya isa gona, ko ya zauna jiran jirgin wani. Ni kafinta ne a Tudun Wada. Ƙofa, gado da rufin ɗaki na san su. Jirgi kuwa Zariya ba Yawuri ba ce, inda yaro zai tashi ya tarar ana sassaƙa shi a bakin ruwa, saboda haka karatu zan yi. Zan riƙa rubuta abin da na karanta da abin da ya yi mini amfani a shago, don duk wanda ya zo bayana kada ya ɓata kuɗin buga takardun da ba zai mora ba.

Ƙanena da ke jami'a a Samaru ya sauko mini da abin da ake samu kyauta a intanet, ya buga a takarda. Wani tsohon malamin makarantar koyon sana'a kuma ya ara mini littafi guda mai kauri, Boatbuilding na Howard Chapelle, wanda ya fara fitowa a Amurka a 1941. Da shi na fara, amma ba zan ba wani shawarar ya fara da shi ba. Littafi ne cikakke, sai dai yana magana da wanda ya riga ya san sunayen sassan jirgi, kuma Turancinsa na mutanen da ne. A ajiye shi kusa, a riƙa buɗe shi idan tambaya ta taso.

1 ga Disamba, 2024

Littafin da ya sa na yarda aikin nan mai yiwuwa ne shi ne Instant Boats na Harold Payson, na 1979. Marubucin mutumin bakin teku ne daga jihar Maine ta Amurka, yawancin zanen kuma na Phil Bolger ne. Dabararsu mai sauƙi ce. Za a ba ka ma'aunin kowane ɓangare a shimfiɗe, ka zana a kan filawud, ka yanka, ka lanƙwasa gefuna biyu a jikin allon tsakiya, ka haɗa su a goshi da baya, sai ga siffar jirgi ta fito da kanta. Ba a buƙatar injin da babu shi a shagon kafinta.

Na gwada da kwali, ina rage kowane ma'auni kashi goma, wato mita ɗaya ta koma santimita goma. Yaran shago suka kewaye ni suna kallo. Abin da kwalin ya nuna mini ya fi shafuka da yawa: layin da yake miƙe a kan tebur, da zarar an lanƙwasa gefen kuma an buɗa shi waje, sai goshi da baya su ɗaga sama, tsakiya ya sauka. Wannan ɗagawar ita ce ke sa jirgi ya juya cikin sauƙi. Duk mai karanta littafin haɗa jirgi ya ajiye kwali da almakashi kusa da shi.

22 ga Disamba, 2024

Filawud ya kawo cikas. Littattafan nan duka suna ɗauka cewa za ka shiga kasuwa ka sayi wanda aka manna da gam ɗin da ruwa ba ya ci. Gwajin da suke bayarwa shi ne a yanko ɗan guntu, a tafasa shi a tukunya na wasu sa'o'i, a busar, a sake tafasawa. Idan fallayen ba su rabu ba, ya ci jarrabawa. Na zaga 'yan katako a Sabon Gari na karɓo guntaye iri-iri. Kusan duka sun buɗe tun a tafasa ta farko. Ɗaya ya jure, amma da na duba gefensa sai na ga ramuka a fallayen ciki, kuma irin ramin nan ruwa ke kwanciya a ciki ya fara ruɓar da katako ba tare da an gani ba. Ba laifin masu sayarwa ba ne, filawud ɗin kabad da silin suke kawowa, shi ake nema a garin nan. Na jirgi, mai lamba BS 1088, sai an aika kudu, kuma kuɗinsa da na mota sun fi ƙarfin kawu.

Haka maganar take ga hanyar ɗinki da manni, inda ake ɗinke fallayen da waya a bi haɗin da gam ɗin ifoksi da ƙyallen gilashi. Da irin wannan hanya aka yi ƙaramin jirgin Mirror a Ingila a farkon shekarun 1960, aka haɗa dubbai a gidaje. Hanya ce mai kyau ga wanda ifoksi ke kusa da shi. Littafin 'yan'uwan Gougeon kan haɗa jirgi da katako da ifoksi yana nan kyauta a intanet, kuma ko ba za ka taɓa gam ɗin ba, babin da ya yi bayanin yadda katako ke shan laima yana fitarwa ya cancanci a buga shi.

Na yanke shawara, jirgin falanki zan yi.

12 ga Janairu, 2025

Da zan ba mutum takarda guda ɗaya tak, ita ce ta Hukumar Abinci da Noma ta Majalisar Ɗinkin Duniya, FAO, mai suna Fishing boat designs: 1. Flat bottom boats, lamba 117 a jerin takardunsu na kamun kifi. Ta biyu a jerin, lamba 134, ta Øyvind Gulbrandsen, tana bayanin jirage masu tsinin ciki. Duka kyauta ne. Dalilin da na fifita su a kan sauran shi ne an rubuta su don masunta da kafintocin ƙasashe irin namu. Zane ya fi rubutu yawa, ma'aunin da mita da santimita ne, kuma ba su ɗauka kana da abin da ya wuce zarto, guduma, abin huda da ƙusa ba. Yaron shagona da bai gama sakandare ba ya bi zanen da yatsa ya gane inda kowane katako zai zauna.

Ga Galma, mai shimfiɗaɗɗen ciki ya dace. Kogin yana da wurare marasa zurfi da tudun yashi, kuma kawu zai riƙa jan jirgin zuwa gaɓa yana loda buhuna. Mai tsinin ciki na ruwa mai igiya ne.

Ma'aunin da na tsayar: tsawo mita 4.6, faɗin ciki a tsakiya santimita 90, tsayin gefe santimita 40, gefen yana buɗewa waje yayin da yake hawa. Sai lissafin kaya, wanda a ganina shi ne babban abin da karatu ke ba mutum. Jirgi yana nutsewa har sai ruwan da ya ture ya kai nauyinsa, kuma lita ɗaya ta ruwan kogi kilo ɗaya ce. Shimfiɗar cikin jirgin nan, idan aka cire tsukewar goshi da baya, ta kai kimanin murabba'in mita biyu da rabi. Kenan kowane santimita ɗaya da ya nutse yana ɗaukar kilo 25. Jirgin kansa na ƙiyasta kilo 130, manya uku kilo 210, kaya kilo 50, jimla 390. A raba da 25, ya ba da kusan santimita 16. Saboda ɗagawar goshi da baya zai ɗan fi haka, a ce 20. Rabin gefen ke nan yana sama da ruwa. Ba na son ya gaza haka.

Ban ɗauki wannan lissafi da wasa ba. Kowa ya tuna jirgin da ya kife a Bagwai ta jihar Kano a ƙarshen 2021, yawancin waɗanda suka rasu yara ne 'yan Islamiyya, kuma lodi fiye da kima aka ambata. Allah Ya jiƙansu. Wanda ya haɗa jirgi bai faɗi iyakar abin da zai ɗauka ba, bai gama aikinsa ba.

2 ga Fabrairu, 2025

Zaɓen katako. Nan littattafan Amurka suka tsaya, domin itatuwan da suke yabo ba sa tsirowa a nan. Abin da za a ɗauko daga gare su shi ne sharuɗɗan: katako ya jure ruɓa, ya riƙe ƙusa, ya lanƙwasu ba tare da ya tsage ba, kada ya yi nauyi da yawa. Da waɗannan na auna namu. Obece yana da sauƙi da arha, amma ruwa da ƙwari suna cinye shi da wuri, na cire shi. Afara ma bai jure jiƙa ba. Iroko yana da juriya sosai, na ɗauke shi don sandar goshi, allon baya da haƙarƙari. Malaina ba ta da nauyi kuma ba ta yawan motsi idan ta bushe, na saye ta don kujeru. Gefe da ciki kuwa maɗaci.

Da nake zaɓar maɗacin na tuna jirgin Dufuna. A 1987 wani makiyayi yana haƙa rijiya a ƙauyen Dufuna, a ƙaramar hukumar Fune ta jihar Yobe ta yanzu, ya ci karo da katako a ƙasa. Masana daga Jami'ar Maiduguri da ta Frankfurt suka tono shi a 1994. Tsawonsa ya haura mita takwas, shekarunsa wajen 8,000, shi ne jirgi mafi tsufa da aka sani a Afirka, kuma daga dangin maɗaci aka sassaƙa shi. Na gaya wa mai sayar da katakon, ya yi ta mamaki. Ni ma har yanzu abin yana taɓa ni, a ce sana'ar da nake nema a littattafan ƙetare ta daɗe haka a ƙasar nan.

Abubuwa biyu na kiyaye. Na farko, duk falankin da ke da farin gefe na ajiye shi, ko na yanke farin, don jan cikin itace ne ke jure ruɓa. Na biyu, falanki a kasuwarmu yawanci ƙafa 12 ne, jirgin kuma ya haura 15, dole a yi haɗi. Tunda ba ni da gam ɗin da ruwa ba ya ci, zan gwama bakin biyu in ɗora guntun katako ta ciki, in shafa kwalta, in buga ƙusa in lanƙwasa bakinta. Haɗin falankin sama da na ƙasa ba za su faɗa wuri ɗaya ba.

23 ga Fabrairu, 2025

Na share daɓen shago, na shimfiɗa filawud ɗin nan da ya faɗi jarrabawa, na shafa masa farin fenti, na zana jirgin a cikakken girmansa. A nan Chapelle ya biya aronsa. Bayaninsa kan yadda ake ɗauko lambobi daga jadawali a sa ɗigo, a kafa ƙananan ƙusoshi, a lanƙwasa siririn katako a jikinsu a ja layi, babu wanda ya kai shi. Ya kuma koya mini abin da ban zata ba: idan ɗigo ɗaya ya sa layin ya yi ƙusumbi, a bar ɗigon a bi siririn katakon. Ido ne alƙali. Mai karanta littattafan Amurka ya lura da yadda suke rubuta ma'auni, lamba uku a jere, ƙafa, inci, da kashi takwas na inci. Idan ka ga 1-4-3, ƙafa ɗaya ce da inci huɗu da uku bisa takwas.

16 ga Maris, 2025

Azumi, ga zafi ya fara. Aikin jirgi sai bayan asuba zuwa hantsi. An kafa shi a kife a kan benci biyu. Gefuna sun lanƙwasu a jikin allon tsakiya, mun jawo su da igiya a hankali, ɓangare biyu a lokaci guda don kada ya karkace. Na ja zare daga goshi zuwa baya, tsakiya ya faɗi daidai. An sa katakon kusurwa da haƙarƙari. Kowace ƙusa sai na huda mata tukuna, domin iroko da maɗaci suna tsagewa. Ƙusar kuma galbanayiz ce, wato mai rufin da ke hana tsatsa, baƙar ƙusa tsatsa za ta cinye ta cikin ɗan lokaci.

13 ga Afrilu, 2025

Kafin in rufe cikin, kawu ya kawo wani dattijo masunci da ya daɗe yana su a Galma ya duba. Ya zaga jirgin yana shafa shi, bai ce komai ba, sannan ya ɗauki falanki ɗaya daga waɗanda na jera don ciki, ya ƙwanƙwasa.

"Ɗana, yaushe ka sayi wannan?"

"Da hunturu, Baba."

"To ya sha iska ya ƙoshi. In ka matse su kamar ƙofa, ranar da ya shiga ruwa zai kumbura ya tumɓuke maka ƙusa."

Maganarsa ta zo daidai da abin da na karanta, amma ta ƙara abin da littafi bai sani ba. Littattafan sun ce katako yana kumbura ta faɗinsa, tsawonsa kusan ba ya motsi, kuma falankin da aka yanka a kwance ya fi wanda aka yanka ta tsakiyar gungume motsi, kusan ninki biyu. Sun ce a bar ɗan tsakani. Sai dai tsakanin da suke nufi na ƙasa ce mai laima duk shekara. Katakon da ya kwana a Zariya daga Disamba zuwa Maris ya bushe fiye da duk abin da suka yi tsammani, don haka zai kumbura fiye da lissafinsu. Na jiƙa guntu mai faɗin santimita 15 a bokiti na mako guda, na auna kafin da bayan, na ga ƙarin da idona. Da wannan na tsayar da tsakanina, kaurin ruwan zarton ƙarfe a kowane haɗi. Na kuma tsaga falankin ciki kada ya wuce santimita 12, tunda siriri ba ya motsi kamar mai faɗi, na jera su a gicciye daga gefe zuwa gefe.

Na tambayi Baba yadda suke toshe haɗi. Ya ce auduga da kwalta, ko tsumman buhu idan babu. Haka Chapelle ya ce, illa shi ya ƙara cewa a ɗan fere bakin falankin ta waje don haɗin ya buɗe sama ya tsuke ƙasa, audugar ta sami wurin zama. Baba ya ce kada a dame ta da ƙarfi, a bar wa katako wurin numfashi. Ya kuma ce in ƙara sanda biyu a ƙarƙashin ciki daga goshi zuwa baya, saboda jan jirgi a kan yashi da tsakuwa, su ci wahalar a madadin falanki, in sun cinye a canza. Na sa.

Da zai tafi ya tambayi wanda ya koya mini. Na nuna masa takardun. Ya daɗe a kan zanen FAO, ya sa yatsa a kan kujerar tsakiya ya ce a sauke ta ƙasa kaɗan, mutanenmu da buhu suke shiga. Na sauke ta.

11 ga Mayu, 2025

An toshe, an shafa kwalta a ciki ta waje har zuwa inda ruwa zai tsaya, sama kuma fentin mai, shafi uku. Ta ciki ban yi kauri da fenti ba don katako ya riƙa bushewa. An fara ruwa, laima ta dawo, tsakanin da na bari har ya fara raguwa tun jirgin yana shago.

Wani abokin sana'a daga Muciya ya tambaye ni da wanne zai fara. Na ce ya buga ta FAO ta farko, ya yi jirgin kwali daga cikinta. In ya sami Payson ya karanta don ƙarfin gwiwa da tsarin aiki, ko da ba zai yi da filawud ba. Babin laima na Gougeon kafin ya sayi katako. Chapelle ranar zane da ranar toshiya. Boatbuilding Manual na Robert Steward ma yana da sauƙin bi fiye da Chapelle, ga wanda ya samu. Littattafan jiragen yawon shaƙatawa masu tuta da na ƙarfe ya bar su tukuna, ba su da abin da za su ba mai haɗa jirgin fadama.

8 ga Yuni, 2025

Bayan Babbar Sallah muka ɗora shi a kan a-kori-kura zuwa bakin Galma. Da aka sa shi a ruwa ya yi yoyo ta kusan kowane haɗin ciki. Kawu ya dube ni.

"Kawu, a ba shi kwana uku," na ce.

Muka ɗaure shi a wuri marar zurfi, muka bar shi ya sha.

14 ga Yuni, 2025

An kwashe ruwan, cikin ya matse. Wuri ɗaya ne ke tsattsafa, a kusurwar allon baya ta hagu, na ƙara auduga da kwalta. Babu falankin da ya tashi, babu ƙusar da ta motsa.

Gwajin kaya da buhunan yashi muka yi, ba da mutane ba, kowanne an auna shi a sikelin masu hatsi. Da kilo 260 a ciki, ruwa ya tsaya a santimita 21 daga ƙasa, kusa da lissafin Janairu. Na ja jan layi a nan ta waje a ɓangare biyu, na rubuta a allon baya da fenti: manya uku, ko mutum ɗaya da buhu biyu. Sannan muka matsar da buhunan gefe guda don mu ga halinsa. Mai shimfiɗaɗɗen ciki yana da ruɗi, da farko ka ji shi daram kamar daɓe, amma in ya wuce wani mizani sai ya tafi gaba ɗaya ba gargaɗi. Na nuna wa kawu da yaransa wannan da idonsu, na roƙe su abu uku: kaya a ƙasa a tsakiya, kada kowa ya miƙe tsaye a tsakiyar kogi, kuma ruwan da ya taru a ciki a kwashe nan take, domin shi ke gudu gefe guda ya ƙara karkata jirgi.

A ƙarƙashin kujerar gaba da ta baya na ɗaure jarkoki huɗu masu lita 25, babu komai ciki, a rufe gam. Kowace tana ɗaga kusan kilo 25, don ko jirgin ya cika da ruwa ya tsaya a sama a sami abin riƙewa. Wannan ba ya maye gurbin rigar kariya. Guda biyu muka samu, saura ɗaya, kuma na gaya wa kawu mutum na uku ba zai shiga ba sai ta zo.

Abin da ya rage: filafili biyu daga ragowar malaina, gorar tuƙi, da zoben ƙarfe a goshi don ɗauri. A watan Agusta, lokacin da kogi ke cika, zan koma in duba haɗin da ƙusoshi. Babbar tambayar kuma sai hunturu mai zuwa, wato ko a bar shi cikin ruwa ko a fitar. Baba ya ce a bar shi a ruwa, in kuma dole a fitar, a kife shi a inuwa a rufe da zana, a riƙa yayyafa masa ruwa. Zan auna faɗin haɗin ciki a Nuwamba, in sake aunawa a Fabrairu, in rubuta abin da na samu a nan.